Rediyon Kara

Ƙanena ya rasu da daminar da ta wuce, Allah ya jiƙansa. Tun da aka watse daga zaman makoki nake ta tuna abubuwa, kuma ba manyan ne ke zo mini ba. Wanda ya fi dawowa shi ne wani rediyo da ya yi da karan dawa muna yara.

A Ƙanƙara muka tashi. Kakarmu, wadda ta haifi Baba, tana wani ƙauye kusa da Daudawa, can muke zuwa yawon Sallah. Yaran unguwarmu hannu rabbana suke zuwa gidajen dangi, su dawo da goron Sallah. Inna ba ta yarda da haka ba. Takan ce wanda za a ba shi ma ya san yadda ake bayarwa. Saboda haka da azumi ya raba tsakiya sai mu zauna a gindin darbejiyar gidanmu, kowa ya kama aikin hannunsa.

Ni faifai nake saƙawa, da kaba da ɗan rini ja. Bai taɓa fitowa daidai ba, kullum gefe ɗaya a ɗage. Ƙanena kuwa hannunsa na da kyau. Ya yi wa Kawu shanu na yumɓu har da tozo, ya yi wa Gwaggo mafici, ya yi wa wani tsoho maƙwabcinmu tabarau na kara, tsohon ya sa ya fita da shi ƙofar gida yana gaisawa da mutane.

Amma yana da in'ina. Kalma takan tsaya masa a baki ya yi ta fama, manya su ƙarasa masa, yara su kwaikwaye shi. Ya zama in mun shiga gidan mutane sai ya durƙusa a bayana, ni in yi gaisuwar mu biyu. Ni ce bakinsa, har na saba.

A waɗancan shekarun ne kuɗi suka shigo ƙasa. Aka fara rufin kwano, samari suka sayi kekuna, rediyo ya cika gari. Tela na da shi, mai shayi na da shi, manomi ma yakan rataya nasa a reshe yana noma. Kaka kuwa idonta ya yi rauni, ta daina kaɗin audugar da ta saba. A zuwanmu na baya ta ce, “Kowa ya samu akwatin da ke yi mashi hira, ni sai kaji.” Da wasa ta faɗa. Ashe ƙanena ya riƙe.

Lokacin ba na girbi ba ne, babu kara a gona. Sai ya riƙa zare na dangar gidanmu ɗaya bayan ɗaya, daga can ƙasa inda yake ganin ba za a lura ba. Yakan ɓare bayan karan da haƙori, ya yayyanka totuwar, ya tsaga ɓawon siri-siri ya soke su da shi, har akwati ya tashi. Ya huda murfin gwangwanin madara da ƙusa, ya zama wurin fitar murya. Murfin kwalbar lemo ya zama abin murɗawa, kuma da gaske yana juyawa. Ya rarake wani kara ya zura siriri a ciki, eriya ke nan, ana ja ta fito a mayar da ita. Ɓawon ya yanka masa leɓe da yatsu, bai ko nuna wa Inna ba.

Akuyar maƙwabta ce ta fara gano inda dangar ta yi rauni. Ta shigo ta afka wa garin da Inna ta shanya. Baba ya bi ta da sanda, santsi ya kwashe shi a bakin rariya. Ya tashi yana tambayar abin da ke cin dangar nan.

Washegarin Sallah muka hau bayan babbar mota. Ƙanena ya naɗe rediyonsa a tsohon ɗankwalin Inna, ya rungume shi a ƙirji, duk ramin da motar ta faɗa sai ya ɗaga shi sama.

Tun daga zaure muka ji kiɗa. Baba Ƙarami, ƙanen Baba da ke aiki a masaƙa a Kaduna, ya riga mu isowa, kuma ya kawo wa Kaka rediyo na gaske, sabo fil, cikin rigarsa ta fata. Maƙwabta sun cika tsakar gida suna kallo. Ƙanena ya tsaya cak. Sai na ga ya zame ta bayan rumbu, ya fito ba komai a hannunsa.

Muka durƙusa na yi gaisuwa, na miƙa faifaina. Kaka ta shafa shi da yatsu ta ce, “Madalla. Wanga in ya ƙi rufe ƙwarya, na sa shi malfa.” Aka yi dariya, har da ni.

Sannan ta juya. Kaka ba ta kiran ƙanena sai da Maigida, irin wasan kaka da jika.

“Ina Maigidana? Na ji numfashinka. Sallah guda, ba zane, ba cefane? To gobe sai gaban alƙali.”

Ya sunkuyar da kai. Ni da na saba magana a madadinsa na ce, “Ya kawo maki, Kaka. Yana bayan rumbu.” Ya mintsine ni da ƙarfi, amma magana ta riga ta fita. Kaka ta ce a ɗauko. Ya tafi yana jan ƙafa.

Da aka kwance ɗankwalin yara suka fashe da dariya. Wani ya ce a kunna mu ji Kaduna. Baba Ƙarami ya juya shi yana yaba aikin, sai ya tambaya, “To malam injiniya, ina ake sa batir?” Ba da mugunta ya faɗa ba, amma na ga idon ƙanena ya ciko.

Kaka ta karɓa ta ɗora a cinya. Ta bi shi da yatsu a hankali, ta sami hudojin, ta sami murfin kwalbar ta murɗa, ta ja eriya ta fito.

“Wancan na ɗana,” in ji ta, “tun safe yake ba ni labarin garuruwan da ban san kowa ba. Na tambaye shi lafiyar mutanen Ƙanƙara, ya yi mani goge. Bari mu ji wanga.”

Ta laluba ƙwaryar da ke gefenta ta ɗauko ƙuli-ƙuli. “Maigida, buɗe baki. Ga batir. Zo zamna nan bayan akwatin.” Ya zauna, ya tauna, ya haɗiye. Ta sake murɗa murfin. 

“A-a-a…” Sallamar ta tsaya masa.

Na buɗe baki zan ƙarasa, sai na ji maficin Kaka a gwiwata.

“Kul,” in ji Kaka. “Ina kika taɓa ganin an taya rediyo magana? Na Kadunan ma ɗazu ya yi ta shaƙewa, mi aka yi mashi? Aka gyara eriya aka jira. Iska ce.”

Ta karkata eriyar karan gefe, ta kawo kunne kusa, ta jira. Mu ma muka jira. Ban taɓa sanin jiran yana da wuya haka ba. Can sallamar ta fito, gaba ɗayanta. Gidan ya amsa baki ɗaya.

“Yauwa, ya kama. Mi ke labari a Ƙanƙara?”

Ya fara ba ta. Rijiyar unguwa an yashe ta. Kazar Inna ta ƙyanƙyashe. Duk inda ya tsaya Kaka ta taɓa eriya, babu mai cewa uffan. Sai ya zo kan akuya da gari, da yadda wani babban mutum ya zauna a bakin rariya ba shiri. Baba ya ce, “Kai! A kashe rediyon nan.” Kaka ta ce nata ne, babu mai taɓa mata.

“To wa ya buɗe wa akuyar hanya?” in ji Kaka.

Ya dubi Baba, ya dubi akwatin. “M-m-mai rediyo.”

Baba ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Baba Ƙarami ya miƙa hannu ya kashe nasa, wanda dama an rage masa murya, ya ce ba a kunna biyu a gida ɗaya. Ranar rediyon kara ya cinye rabin ƙwaryar ƙuli-ƙuli, don da ya yi shiru Kaka za ta ce batir ya yi sanyi.

Ta rataye shi a ɗakinta. Na Kaduna shi ma ta ji daɗinsa, tana sauraron karatu da safe. Amma duk zuwanmu, kafin mu sha ruwa, sai ta ce a sauko mata da na Maigida. Da gara ta cinye shi ya yi mata wani.

In'inar ba ta bar shi ba har tsufa. Ya zama kafinta a Sabuwa, ya yi iyali, yana magana a gaban kowa, wanda zai jira ya jira. Ni dai daga ranar ban sake ƙarasa masa kalma ba.

Da ciwonsa ya yi nauyi na je na zauna wurinsa. Maganar ta ƙara yi masa wuya, 'ya'yansa don tausayi suna ta ƙarasa masa. Wata rana da hantsi ya dube ni yana son faɗin wani abu, babban ɗansa ya matso zai taya shi. Na taɓa gwiwar ɗan na ce ya bari.

Muka jira. Ya daɗe.

“Yaya,” ya ce, “b-batir ya yi sanyi.”

Muka yi dariya ni da shi, yaran suna kallonmu. Na aika aka sayo ƙuli-ƙuli. Ba ya iya taunawa, sai na sa masa a tafin hannu, ya rufe yatsunsa a kai.