Hannuwa a Ƙarƙashin Bututu

Tun ina aiki a ƙasashen waje na saba da abu ɗaya: ba a binne bututun ƙazantar gida sai an gwada shi da ruwa. A Jamus na ga ana toshe shi da roba mai kumbura, ma'aikaci ya tsaya yana kallon allurar awo. A Duwala kuwa mai gida kan kwarara bokiti ɗaya, in ruwa ya fita ta can ƙarshe, a ce madalla. Da na dawo Kafanchan da furfurata, na tarar mun fi kusa da Duwala.

Banɗaki nake ginawa a cikin gida saboda matata. Gwiwoyinta sun ƙi, ba ta iya takawa zuwa masai na bayan gida, balle ta tsuguna. Don haka take zaune wurin 'yarmu a Kaduna, kullum ta bugo waya tambayarta ɗaya ce: "Yaushe zan dawo ɗakina?"

Mutanen ikilisiyarmu sun yi mini alkawarin gayya ranar wata Asabar, su zuba kankare su daɓe ƙasa. Ruwan farko ya riga ya sauka. Na sani in Asabar ɗin nan ta wuce, kowa zai faɗa gonar citta, ba zan sake ganin hannu ba sai bayan girbi. Duba-gari kuma, wanda ni da kaina na gayyato, ya ce zai biyo ranar a hanyarsa ta Madakiya, kuma kada a rufe komai sai ya ga ruwa tsaye a bututu da idonsa.

Mai aikin famfon Ibo ne, haifaffen Kafanchan, ubansa ma'aikacin jirgin ƙasa ne. In na yi masa 'yar Ibon da na tsinta a Inugu sai ya yi dariya ya amsa da Hausa. Da sassafen Asabar ɗin muka toshe bakin bututun da ke shiga ramin masai da tsumma da robar tayar babur, muka ɗura ruwa ta bututun iska da ya miƙe jikin bango, har ya cika. Tsawon nan shi ke ba ruwan nauyi, ya matsa kowace mahaɗa. Na hau tsani na ja alama da alli.

Na sauko, na zaga gidan, na kasa zama, na sake hawa. Ruwa ya bar alamar.

"Baba, iska ce ke fita," in ji mai famfo. Muka ƙara ruwa. Na sauko, na hau. Ya sake sauka, kaɗan kaɗan, kamar wanda ba ya son a gan shi. Muka bi ramin da aka shimfiɗa bututun a ciki da ido daga farko har ƙarshe, amma ƙasar a jiƙe take da ruwan sama, ba ka bambance ɗigo da danshi.

Ina kan tsani na jiyo waƙa daga bakin hanya. Zumuntar matan ikilisiya ce, da bokitai a kai, maza na biye da shebur da kwanukan kankare. A wurinmu ba a korar gayya. Mutum ya bar aikinsa, an dafa gwate tukunya guda, ka ce masa ya koma gida saboda ruwa ya sauka da faɗin yatsa?

Ƙanwar matata, wadda ba ta taɓa raga mini ba, ta ɗaga kai ta hango ni.

"Baturen Kaje, me kake leƙe a sama? Ko Jamus ɗin kake hangowa?"

Na sauko na yi musu bayani, da Hausa, da harshenmu, ina ta maimaita kaina. Wani dattijon ikilisiya ya ce, "Ɗan'uwa, gidajenmu duka haka aka binne, ba wanda ya mutu." Gaskiya ya faɗa. Amma na taɓa zama a wani gida a Khartum da wari ke tasowa daga ƙarƙashin daɓe, sai da aka fasa ɗakin duka. Na tuna matata, wadda za ta wuni a ɗakin nan ba ta iya fita.

Ƙanwar matata ta ajiye bokitinta. "To in ido ya kasa, hannu fa? Mu nawa ne a nan?"

Haka aka yi. Mutane suka jeru bakin ramin, kowa ya durƙusa, ya share ƙasa, ya goge bututu da gefen zane ko hula, ya tura tafin hannu ƙarƙashin mahaɗa ɗaya. Har Fasto ya naɗe wando. Na cika bututun. Duk yawona ban taɓa ganin na'urar awo irin wannan ba.

Can sai wata tsohuwa ta ce, "Nawa yana kuka."

Mahaɗar da aka gasa da wuta ce, yadda ake yi a nan in abin haɗi ya ƙare: a tausasa bakin bututu a cusa ɗan'uwansa. Ta ƙone ta ƙasa, ta yi 'yar huda. Mai famfo ya dafe kai. "Baba, wannan aikina ne, ba na musu." Ya hau babur ya tafi kasuwa, ya dawo da abin haɗi na gaske, ya yanke ya shafa gam.

Kafin gam ya kama aka ci gwate. Ni ban ci ba. Da ya kama muka sake cika bututun har kan alli. Ina tsakanin ƙofa da tsani, ina duba hanya, ina duba hadarin da ke haɗuwa ta gabas.

Duba-gari ya iso rana ta karkata. Ya hau tsani, ya sauko ya sha kunu, ya yi hira, ya sake hawa.

"Yana nan kan alli," ya ce. "Ku rufe."

Shebur suka fara ƙara kafin ya taka ƙasa. Na koma gefe na bugo wa matata. Ta ce, "Me ya sa kake haki?" Na ce ta fara haɗa kayanta. Ina maganar, ƙafata ɗaya tana kan tsani, don ba a riga an zare toshin ba, kuma ina son in ƙara leƙawa.