Sabulun Sauda

Shekara talatin Labbo ya yi yana rubuta allunan shaguna a unguwar Banikanni ta birnin Paraku. Sai da furfura ta fito masa sannan Allah ya kawo masa aikin goge sunaye.

Ɗan ƙanwarsa Haidar, mai shirya finafinai, shi ya zo masa da kwalin sabulun da za a sa a fim, ya ce a rufe sunan kamfanin.

"Sunan mutane ya tsone maka ido ne?" in ji Labbo.

"Kawu, ko dala ba su ba mu ba, don me za mu yi musu talla? Kuma in mugu ya riƙe shi a fim, sai su maka mu kotu."

Labbo jikan fataken goro ne, ba sai an maimaita masa ba. Amma hannunsa bai iya barin fili babu rubutu ba. Ya shafe sunan, ya zana kurciya, ya rangaɗa "Sabulun Sauda", sunan matarsa.

Da fim ya fita, matan garin Jugu suka dinga cigiyar sabulun a kasuwa. Sauda ta ji labari, ta sayo man kaɗanya ta ɗora tukunyar sabulu. Yanzu duk mako sai ta yi wa mota lodi.

Bana Haidar ya dawo da kwalin yana sosa ƙeya. "Kawu, wannan ma a rufe. Ya zama kamfani."

Labbo ya tsoma buroshi a fenti ke nan, Sauda ta leƙo daga madafi.

"Malam, goge sunana ka ga mai ba ka tuwo."