Muryar Kaka a Bakin Kawu

Jiya a shagon caji a Makarfi na ga tsohon wasan talabijin, sai ga marigayi kawuna ya fito boka. Bai taɓa fitowa jarumi ba, amma duk muryar da ya ji sai ya kwaikwaye ta.

Wata rana muna ɓare masara a bayan gida a Gazara, ya kira mahaifiyata da muryar kakarmu da ta rasu: "Ladi, kin bar tuwo a wuta."

Ƙwarya ta suɓuce mata. Ta ce, "Yaya, ka bari!"

Ya ce, "Wallahi ban yi magana ba."

Muka shiga gida, tuwo har ya fara ƙauri.

Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta.