Ranar da Lamba Ɗaya Ta Zama Ribas

Abubuwa da yawa sun same ni a kan hanya, wasu har na daina tuna su, amma safiyar nan da motata ta zabura da baya a bakin iyakar Jibiya, mahaifiyata tana zaune a gefena, ba zan manta da ita ba sai dai in ƙasa ta rufe min ido.

A lokacin ina da wata tsohuwar mota ƙirar Turai mai fulogi shida, irin waɗanda in ka taɓa totur kaɗan sai ka ji kujera ta tokare maka baya. Ina son motar nan fiye da kima, kuma in faɗi gaskiya, ina jin kai da ita. Sai akwatin giyarta ya fara kuka, daga baya ya ƙi shiga lamba uku gaba ɗaya. Na nemi irinsa a Katsina, na aika Kano, babu. Bakanikena, wani mutumin Maraɗi da ya daɗe a Jibiya, shi ya samo min wani daga can wajensu. Ya ce na wata 'yar'uwar motar ne da aka ƙera don tsere, kuma ya fi nawa ƙarfi. Jin kalmar tsere kawai ya sa na ce a ɗaura.

Aikin ya ci mako biyu. Mazaunin bai zo daidai ba sai da mai walda ya ƙera wani, farfela ta yi tsawo aka rage ta, kulocin ma sai da aka sauya. Kullum ina can ina tsaye a kansu kamar ni na iya. Ranar da aka gama, kafin ya miƙo min makulli, sai ya zaunar da ni a kujerar direba.

"Maigida, tsaya in gwada maka wani abu. Giyar ga ba irin taka ba ce. Inda ka saba sa lamba ɗaya, sama ta hagu, nan ariyar take."

Na ce, "Mece ce kuma ariyar?"

"Ribas, in ji ku. Lamba ɗaya ta sabko ƙasa. Kuma akwai wani ɗan ƙarfe da ke tare hannu kada shi faɗa ribas da kuskure, to wagga ba ta zo da shi ba. Ka ba ni zuwa Lahadi in kawo shi daga Maraɗi, in haɗo da kan giyar da ke da lambobin daidai. Wanda ke kai yanzu tsohon naka ne, ƙarya yake maka."

Na yi dariya na ce masa shekara goma sha biyar ina tuƙi, ba yau za a koya min inda lamba ɗaya take ba. Ya dube ni ya ce, "Kai ka sani, hannunka bai sani ba." Na ɗauka surutun bakanike ne, na ja motata. Kwana uku ina yawo da ita, na je Daddara na dawo, ban yi kuskure ko sau ɗaya ba. Duk sanda zan tashi sai in tuna, in ja sandar ƙasa. Wannan ya ƙara min taurin kai.

A rana ta huɗu aka aiko cewa ƙanwar mahaifiyata da ke aure a Maraɗi ba ta da lafiya. Inna ta ce za ta bi motar haya. Na ce Allah ya kiyaye, ina da mota uwata ta shiga ta haya? Ba don tausayinta kaɗai na matsa ba, ina so dangin can su ga abin da nake hawa. Ta sa mayafinta fari, ta ɗauki carbinta da ɗan ƙunshin tsarabarta, muka kama hanya da hantsi.

Wanda ya san iyakar nan ya san yadda take: manyan motoci maƙare da buhunan hatsi, na dabbobi, babura suna kutsawa ta kowace kafa, 'yan dako suna kai da kawo. Amma ranar akwai wani irin tsit a ƙarƙashin hayaniyar. Zamanin ne da tsaro ya taɓarɓare a yankinmu, kuma kowa ya san motoci masu gudu irin tawa su masu fasa-ƙwauri ke so, domin in sun hango shinge su juya su tsere. Jami'an da ke bakin shingen ba wanda yake fara'a. Bindigogin ma ba a rataye suke ba, a hannu suke.

Mun daɗe a layi. Na saki giya, ina waiwaye ina kallon wani da ake sauke wa kaya, ban lura motar gabana ta wuce ba. Sai na ji an buga min bonet da tafin hannu, an daka min tsawa: "Kai! Matso!"

Na firgita. Ban yi tunanin komai ba. Ƙafata ta taka kuloci, hannuna ya tura sandar giya sama ta hagu, inda ya saba turawa shekara goma sha biyar, na ba ta wuta don kada a sake min tsawa. Motar ta yi kururuwa ta zabura da baya. Ta daki wani duro marar komai da aka jera a gefen hanya, ya yi wata irin ƙara da kowa ya ɗauka harbi ne. Mutane suka watse, masu babura suka zubar suka ruga, wata mai tallar fura ta saki ƙwaryarta.

Na taka birki. Da na ɗaga ido, bindigogi uku ne a kan gilashina. Ina jin ƙarar da suke yi in an ɗana su, ɗaya bayan ɗaya. Ana ta ihu ta ko'ina, ban gane ko kalma ɗaya ba. Abin da kawai ya zo min a rai shi ne in matsa gaba, in koma inda nake, su ga ba gudu zan yi ba. Na dubi kan giyar, na ga lamba ɗaya a rubuce ɓaro-ɓaro, na sake tura ta can. Motar ta sake ja da baya.

Wallahi a wannan karon na sadaƙar. Na ga ɗaya daga cikin jami'an, wani dogo, ya durƙusa a gwiwa ɗaya ya kafe bindigarsa a kafaɗa. Na nemi kalmar shahada na rasa ta inda ake farawa. Sai na ji hannun Inna a kan nawa, sanyi ƙalau.

"Saki abin ga," ta ce. "Kashe ta."

Ban iya ba, yatsuna sun ƙi motsi. Ita ta miƙa hannu ta murɗa makullin, matar da ba ta taɓa tuƙa ko keke ba. Sannan ta taso daga kujerarta ta kwanto a kan ƙirjina, ta shiga tsakanina da gilashin, ta ɗaga hannu ɗaya sama. Ina jin bugun zuciyarta ta cikin mayafi. Na ce, "Inna, koma, don Allah koma." Ko gezau ba ta yi ba.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. An buɗe ƙofa, an fito da ni, an kwantar da ni rubda-ciki a kan kwalta mai zafi. Suka bincike motar ciki da bai, ba su sami komai ba sai tsarabar Inna, kuka da daddawa. Ina ta cewa giya ce, giya ce, ba wanda ya saurare ni, kuma ban ga laifinsu ba. Wani direban babbar mota, mutumin Nijar, shi ya matso ya leƙa ya ce, "Ranka shi daɗe, ku gwada ta. Akwai irin wagga, ariyar na wurin lamba ɗaya." Babban jami'an ya shiga da kansa, ya tayar, ya sa inda aka rubuta ɗaya, ya saki kuloci a hankali. Motar ta gangara baya. Ya kashe ta ya fito.

Dogon nan da ya durƙusa shi ya ɗaga ni. Ya ce, "Malam, ka gode wa Allah ka gode wa tsohuwar nan. Yatsana yana kan kunamar bindiga. Farin mayafi na gani ya tare ka."

Ba mu ƙarasa Maraɗi da motar ba. Na bar ta a gefe, na nemo mana ta haya. Inna ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Sai da muka yi nisa na yi ƙarfin halin tambayarta me ya sa ta yi haka, alhali ta ga bindiga. Ta ci gaba da jan carbinta, ba ta ko dube ni ba.

"Ni na ci zamanina. Na ce in dai za a harba, to a fara da ni, kada in gani."

Na juya fuskata wajen taga na yi kuka kamar ƙaramin yaro, ban damu da sauran fasinja ba. Tun daga ranar na gane cewa abin da ka koya cikin kwanciyar hankali ba ka iya shi ba tukuna, sai ranar da tsoro ya zo za ka san abin da ka iya. Kuma in mai sana'a ya ce ka jira, ka jira, domin ranar da taurin kanka zai jawo bala'i, mai yiwuwa ba kai zai fara samu ba, wanda ya fi sonka ne zai tare maka.