Agogon Wendell Kruse

A shekarar 1983 na fara haɗuwa da Wendell Kruse, a wani ƙaramin gari na jihar Iowa, inda nake koyar da lissafi a sakandare. Shi ne mai kula da agogon filin makaranta. Duk Juma'a, idan gari ya taru kallon ƙwallon Amurka, ta hular kwano da ture-ture, shi ke danna allon da ke nuna wa kowa sauran lokaci.

Ni kuwa ƙwallon ƙafa na sani, wadda aka koya mana a makarantar mishan, ƙafa ba takalmi, bayan addu'ar yamma. Na nemi aron filin ranar Asabar don in koya wa 'yan mata. Hukumar makaranta ta yarda a gwada na kaka guda, ta ce Wendell ya sa ido. In ya ce a'a, filin ya tafi.

Tun ranar farko ya zo da nasa agogon hannu.

"Mista Bitrus, ina za a rataya lokaci?"

"Ba a ratayawa. Yana hannun alƙalin wasa, shi ke ƙara abin da aka ɓata."

"Shi kaɗai ya sani? To ai ka ba kura ajiyar nama! Kuma Allah ya ba mutum hannu biyu, ku ce laifi ne ya taɓa ƙwallo? In an tashi ba ci fa?"

"Kunnen doki ke nan."

"A ƙasar nan ba a tashi sai wani ya sha kashi. Akwai lauje cikin naɗi."

Ni ma ban yarda da shi ba. Na ɗauka ɗan leƙen asirin kocin ƙwallon Amurka ne, wanda ke kukan muna kashe masa ciyawa.

Cikin 'yan matan akwai jikarsa Charlene. Tun da ubanta ya bar gida ta daina magana da kowa, sai dai ta gyaɗa kai. Na sa ta cikin 'yan wasan gaba. Kafin sanyi ya shigo, har ihu take yi wa abokan wasanta su ba ta ƙwallo. Wendell kuwa ya gaya wa mai aski wai na janye yarinyar daga wasan kirki.

A wasan ƙarshe baƙi suna gabanmu da ci ɗaya. Na ga Wendell ya miƙe, yana buga agogonsa da yatsa: lokaci ya cika. Alƙali bai hura ba. Can sai Charlene ta farke, aka tashi kunnen doki.

"Na kama ku," in ji Wendell a bakin ƙofa. "Wasa ya ƙare kafin ƙwallon nan ta shiga."

Ranar zaman hukuma na je da shirin sallama. Shugabar ta ce, "To, Wendell, mun ji ka ce an yi maguɗi."

Ya miƙe, hularsa a hannu.

"Wasan banza ne, ranki ya daɗe, har gobe. Amma agogona ya tsaya ran nan. Ku bar musu filin."

Har ya rasu bai taɓa yi mini godiya kan Charlene ba, ni ma ban tambaye shi batun agogon ba.