Jinin Mai Faci

A bakin titin da ya nufi asibiti akwai wata rumfar kwano, gabanta tarin tsofaffin tayoyi da bahon baƙin ruwa. Nan Mai Faci ya ci ƙuruciyarsa, nan furfura ta same shi. Mutum ne mai faɗa kamar ya ari baki. Ka kawo masa taya, sai ya gama zagin tuƙinka tas kafin ya taɓa ta. Amma a ce ana neman jini, ko hannu ba ya tsayawa wankewa. Nasa irin mai wuyar samun nan ne, har rumfa ma'aikatan ɗakin gwaji suke biyo shi. Matarsa takan ce, "Wata rana za su tatse ka ƙarƙaf, su maido mini da fata." Shi kuma ya ce ai ta samu abin shimfiɗa.

Ƙanensa ya rasu da ƙanjamau a ɗakinsa, bayan dangi sun ware wa yaron kofi da cokali. Abin ya tsaya wa Mai Faci a rai. Shi ya sa da aka zo neman masu lafiya da za a gwada wata allurar riga-kafin cutar a jikinsu, ya tafi bai yi shawara da kowa ba.

Likitar binciken ta zaunar da shi ta ce, "Baba, babu ƙwayar cuta a allurar nan. Ita ƙwayar tana da wata riga, da ita take manne wa jikin mutum. Kwaikwayon guntun rigar kawai za mu nuna wa sojojin jininka, su haddace kamanninta. Wahalar ita ce rigar a lulluɓe take da sukari, ga yawan sauya fasali. Wuraren da ba sa sauyawa kaɗan ne, kuma a lungu suke. Su muke so sojojin su koyi cafka."

"Wato ƙaramar huda ake nema a ƙatuwar taya," in ji shi.

Ta yi dariya, sannan ta gargaɗe shi. Gwajin ƙanjamau na gaggawa sojojin yake nema, ba ƙwayar ba, don haka daga yanzu zai iya nuna masa layi biyu kamar mai cutar. Ba za a ƙara karɓar jininsa ba. Ya ce ai ya ba da rabonsa, yara su ɗora. Baƙin da ake kiransa dominsu kawai ya tuna. Bai tuna cewa cikin 'ya'yansa Auta ce kaɗai ta gado irin jininsa ba.

Auta kuwa ita ce abokiyar faɗansa. Ita kaɗai ke iya ce masa, "Baba, ka cika mita," ya yi shiru. Ta yi aure, ta samu ciki, ya riƙa cika baki a rumfa cewa jikan nan shi zai gaji famfonsa.

Rana tsaka mijinta ya faɗo rumfar ba takalmi. Ta haihu, amma jini ya ɓalle, kuma babu irin nata a firjin asibiti. Mai Faci ya yar da guduma ya ruga, ya miƙa wa mai gwajin hannu. Layi biyu suka fito.

"Allurar nan ce, 'yar nan! Kin fa sani!"

"Na sani, Baba, wallahi na yarda da kai. Amma gwajin da zai nemi ƙwayar kanta sai an aika wani wuri, ba zai dawo yau ba. Ba ni da ikon sa wannan jinin a jikin mai jego."

"'Yata ce! Jinina ne a jikinta tun asali!"

Ta sunkuyar da kai tana hawaye. Ya roƙa, ya yi zagi, ya durƙusa mata, bai canza komai ba. Sai ya tuna wani direba mai irin jininsa. Ya hau babur ya yi tasha, aka ce yana gareji. Ya same shi a ƙarƙashin mota, ya jawo shi da baƙin mai a jiki. Suna shigowa barandar asibiti ya hango matarsa zaune a ƙasa, jariri a cinya, ba ta ko jijjiga shi.

"Ta yi ta kiranka," ta ce. "Na ce mata kana hanya."

Tun daga ranar da aka binne Auta faɗa ya ƙare a rumfa. Ka kawo taya ya like maka, ya miƙo, ba uhum ba uhum-uhum. Masu motar da suka saba shan zagi su da kansu suka riƙa tsokanarsa ko zai tanka, bai tanka ba.

Duk da haka da lokacin komawarsa wajen masu bincike ya yi, ya sa rigarsa mai tsabta ya je. Wata sabuwar ma'aikaciya ya tarar, yarinya ce mai fara'a, ba ta san komai ba. Tana ɗaure masa dantse tana zuba.

"Baba, sojojinka sun kama rigar nan daidai inda muke so. Cikin duk waɗanda muka gwada, babu jinin da ya kai naka kyau."

Ya zuba wa 'yar kwalbar ido tana cika.

"Ɗebi, 'yata," ya ce. "Ɗebi da yawa. Ba ni da wanda zan ba."