Saniya da Babur ɗin da Aka Ɗora wa Laifi

"Saniya ce ta soke shi."

Haka wani dattijo ya ce da ya shigo da ɗansa makiyayi sashen gaggawa, jini ya jiƙa masa riga. Ni ɗaliba ce, an turo mu wani asibiti a Yelwa mu ga yadda ake aiki, don haka nawa ido ne. Amma da nas ta buɗe kafaɗar, sai na ga yanka a miƙe, kamar an tsaga kifi. Ƙaho ba ya yin haka.

Ana cikin ɗinki sai ga wani manomi, kai a fashe. Wai daga babur ya faɗo. Ko ƙujewa babu a gwiwarsa, ga shatin sanda ɓaro-ɓaro a gadon bayansa.

Gadajensu na dab da juna, amma kowa ya juya fuska. Kuma laka iri ɗaya ce a ƙafafunsu, ta fadamar shinkafa.

Na kasa haƙuri, na matsa kusa da mahaifiyar manomin, wadda ta rako shi.

"Inna, wane irin babur ne ke dukan mutum a baya?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ɗiyata, ku dai ku tsayar da jinin. Sauran magana ta gida ce, ba ta 'yan sanda ba."

Tun jiya maganar nan ke cina. Sulhu take nufi, ko ramuwa? Ku da kuka san mutanenmu, da ku ne, shiru za ku yi ko za ku faɗa wa likita?